Ba tsufan inji ne ke cin kuɗinka ba, Alhaji

Tambaya: Ina sayar da busasshen kifi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Bara na sayi tsohon injin kwale-kwale, Yamaha mai ƙarfin doki 15, na damƙa wa ƙanen matata, yana fita su tare da masunta a Epe. Wata 9 ke nan balas bai taɓa cika ba, sau biyu injin yana yin nokin. Ya ce tsufa ne, in ci bashi in sayo mai doki 40 mu riƙa shiga teku, a nan kuɗi yake. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, na karanta wasiƙarka har ƙarshe, ban ga inda ka faɗi lita nawa ake ƙonawa a fita ɗaya ba. Ba ka sani ba, shi ya sa. Ka ba suruki inji, ka ba shi kuɗin mai, sannan kunya ta hana ka ce masa "kawo littafi". Matsalarka ke nan.

Irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar mota. A cikin fetur ake gauraya man, kashi 1 cikin 50, wato jarkar lita 25 tana buƙatar rabin lita. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk yaron da kuɗin mai ya matse, wurin da yake fara ragewa ke nan, domin ba wanda zai gani. Injin zai tashi lafiya, ya yi gudu lafiya, fistin yana cin kansa a ciki. Nokin biyu a wata 9 ba aikin shekaru ba ne.

Na taɓa zama wurin wani bakanike a Badagry ana kwance injin wani bawan Allah ɗan Agege. Bakaniken ya ciro fistin ya miƙa masa, duk ya kakkarce kamar an goga shi a dutse. Ya buɗe famfon ruwa, 'yar robar da ke tura ruwan sanyaya inji ta ƙeƙashe, fuka-fukanta biyu sun gutsure. Kuɗinta bai kai na jarkar fetur ɗaya ba. Ɗan yayan mai injin ne ke riƙe da shi, sau uku ya karɓi kuɗin canza ta. Mutumin ya zauna a kan benci ya kasa magana, ni ma abin ya tsaya min a rai.

Maganar doki 40 kuwa, cire ta daga ranka. Wanda ya kasa riƙe ƙaramin inji a ruwan Epe mai kwanciya, shi za ka tura teku da kuɗin bashi, inda gishiri ke cin ƙarfe kuma man da ake sha ya ninka fiye da biyu?

Ka je Epe da kanka. Ka sa a tayar da injin a gabanka, ka duba ko ruwa na tsartuwa ta baya da ƙarfi. A kwance filogi ka gani, a zuba man giya a tafin hannu, in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Daga ranar, kai za ka riƙa sayen man gaurayawa da katan, kada ka sake ba da kuɗinsa a hannu. Kowace fita a rubuta lita, awanni da kwandunan kifi, a turo maka hoton shafin ta WhatsApp kafin isha'i.

Ka fara gaya wa uwargida, don kada maganar ta iske ta ta bakin ƙanenta. In ya ƙi littafin, ka ɗauke injin ka ba wani masunci haya, da shaidu biyu da takarda.