Ruwa ya katse wasan kurket ɗinmu, wa ya ci?

Ɗan'uwa, ka ce wasanku na oba 20 ne (oba ɗaya jifan ƙwallo shida ne), ruwa ya sauko ƙungiya ta biyu, wato mai neman wuce makin ta farko, tana oba ta 8, kuna musu kan sakamako.

A ƙa'idar da aka saba, idan ƙungiya ta biyu ta buga oba 5, wasa ya kai a yanke hukunci. Amma ku fara duba dokar gasarku, don wasu gasannin ƙananan kulob suna da nasu adadin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba maki da yawan oba kawai. Wannan lissafi ba ya kula da 'yan wasan da aka fitar. Maki 60 da mutum ɗaya a waje ba daidai yake da maki 60 da mutum shida a waje ba. Shi ya sa tsarin Duckworth-Lewis-Stern, wato lissafin da ake fitar da sakamako da shi idan ruwa ya katse wasa, yake haɗa oba da suka rage da mutanen da suka rage.

Mai rubuta maki ya ajiye lokacin tsayawa, maki, jifa nawa aka yi, da mutum nawa suka fita. Hukuncin komawa fili kuwa na alƙalan wasa ne, ba na kyaftin ba. Idan saɓani ya ci gaba, ku kai takardar makin ga kwamitin gasar.