Ramuwa, fansa da gayya: amsoshin tambayoyinku

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya kalli tsohon fim ɗin Amurka mai suna Cape Fear, na shekarar 1962. A cikinsa Robert Mitchum ya fito a matsayin Max Cady, wanda ya yi shekara 8 a kurkuku, ya fito ya addabi iyalin lauya Sam Bowden (Gregory Peck) don shi ya ba da shaidar da ta ɗaure shi. Tambayarsa: "Malam, abin da mutumin nan ya yi, ramuwa za a ce ko ɗaukar fansa? Kuma karin maganar nan ta 'rama cuta ga macuci ibada ne' ba ta wanke shi ba?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Rama a bakin Bahaushe mayar da kwatankwacin abu ne, kuma ba ta tsaya ga sharri ba. Ana rama alheri, ana rama ziyara, wanda azumi ya kuɓuce masa yakan rama. Idan kwana uku ka sha, uku za ka rama. Wato akwai awo a cikin kalmar tun asali.

Fansa kuwa daga ceto ta taso. A da bawa yakan fanshi kansa, a yau kuma muna jin kuɗin fansa. Abu ne da ake bayarwa a madadin wani abu. Mai ɗaukar fansa yana ganin an ci masa bashi, ya zo karɓa. Cady haka yake kallon kansa, yana ganin yana bin lauyan bashin shekarun da ya rasa. Sai dai wanda ya faɗi gaskiya a gaban alƙali bai ci bashin kowa ba. Laifin da Cady ya aikata da hannunsa ne ya kai shi kurkuku.

Kalmar da ta fi dacewa da shi ita ce gayya, ba ta noma ba wadda ake gayyato jama'a, gayyar mugunta da gangan. Dubi yadda yake tafiyar da abin. Ya karanci doka, yana bin iyalin a hankali ba tare da ya bar abin kama shi ba, aka kashe karen gidan da guba, yarinyar gidan ta shiga firgici. Burinsa mutum ya rasa barci tun kafin a taɓa shi. Da Hausawa suka ce "ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi", bayanin halin ɗan Adam suka yi: mai ramawa cikin fushi yakan zarce abin da aka yi masa.

Batun karin maganar da ka kawo, ka sake sauraron ta da kyau. Cewa aka yi "ga macuci". Ba a ce ga matarsa ba, ba a ce ga 'yarsa ba. Ina jin takaicin yadda ake yanke wannan gaɓar a riƙe kalmar ibada kaɗai. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 164, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. A Suratush Shura, aya ta 40, an ce sakamakon cuta cuta ce kwatankwacinta, wanda ya yafe ya gyara kuma ladansa na wurin Allah. Ko ƙisasi ma hukuma ke tsayar da shi.

Wata baiwar Allah kuma ta tambayi ma'anar "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar", ko yana nufin a goyi bayan ɗan'uwa ko da shi ne mai laifi.

Malama, ma'anarsa ba ka rabuwa da naka don ya lalace. Amma hannun da ya ruɓe magani ake yi masa, ba a naɗe shi a ɓoye. Hadisin da ke cikin Bukhari ya fayyace wannan: ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ya yi zalunci ko shi aka zalunta, taimakon azzalumi kuwa shi ne ka hana shi zaluncin.

A fim ɗin da muke magana a kai, son iyali ya kusa kai uban ga halaka. Da doka ta kasa kare shi, sai ya yi hayar 'yan daba su lakaɗa wa Cady duka, abin ya juye masa har aikinsa na lauya ya shiga haɗari. Ban zarge shi da tsayawa kan matarsa da 'yarsa ba, wannan wajibinsa ne, hanyar ce ta karkace. A ƙarshe, a bakin kogi, bindiga na hannunsa, ya fasa harbin kisa ya bar Cady ya koma kurkuku.

Mai tambaya kan bambancin gaba da ƙiyayya, a taƙaice: ƙiyayya a zuci take, tana iya zama ta gefe ɗaya, gaba kuwa sai ta fito fili har an daina gaisawa.