Sunan gidan mijina Smith: mene ne asalinsa, kuma me za mu rubuta wa jariri?

Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a Abadin, arewa maso gabashin Sikotilan, ta aiko da tambaya: "Mijina ɗan ƙasar nan ne, ya musulunta kafin aurenmu, sunan gidansu Smith. Cikina wata bakwai. Baba ya kira daga gida ya ce kada a kuskura a liƙa wa jikansa sunan da bai san ma'anarsa ba, wai ma ya kamata mijin ya yar da shi tunda ya shiga Musulunci. Shi kuwa maigidan so yake ya yi gwajin ƙwayoyin halitta ya san asalinsu. Mene ne sunan nan? Gwajin zai nuna wani abu? Kuma yaya za mu yi da takardu?"

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki gaya wa Baba cewa surukinsa ɗan Maƙera ne. Ma'anar Smith ke nan: maƙeri, mai dukan ƙarfe a kan uwar maƙera. Babu gunki a cikinsa, babu gicciye, sunan sana'a ne kawai, ɗan'uwan Taylor wato tela, da Baker mai gasa burodi, da Tanner majemi, da Webster masaƙi. Da can laƙabi ne, kamar yadda za a ce Audu Maƙeri ko Tanko Wanzam, in mai shi ya mutu laƙabin ya bi shi kabari. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066 sarakuna da masu ƙasa suka fara gadar wa 'ya'yansu laƙabi, talakawa suka biyo baya a hankali, har zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun tsaya kan suna guda. Daga nan jikan maƙeri ya ci gaba da amsa Smith ko da bai taɓa riƙe masaba ba. Mu ma mun ɗan ɗanɗana irin wannan lokacin da makarantun boko suka riƙa manna wa ɗalibai sunan garinsu, aka samu su Aminu Kano da Shehu Shagari.

A Sikotilan labarin ya fi haka rassa. A kudu da gabas, inda harshensu ya yi kusa da Turanci, Smith ne tun asali. A tsaunukan arewa da yamma kuwa, masu harshen Gelik "gobha" suke ce wa maƙeri, daga nan aka samu Gow da McGowan, wato ɗan maƙeri. Da Turanci ya mamaye kotu da coci da makaranta, gidaje da yawa suka fassara sunan kai tsaye ya koma Smith. Saboda haka wani Smith ɗin kakansa na bakwai ko kalmar Turanci ɗaya bai iya ba.

Game da yar da sunan, abin da malamai suka tafi a kai shi ne wanda ya musulunta ba ya bukatar canza suna sai in ma'anarsa ta munana, kuma aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa ta yi a kira mutane da sunan iyayensu maza. Yaron ɗan Smith ne, danganta shi da mahaifinsa shi ne daidai. In Baba yana son misali daga gida, ga Farfesa Abdullahi Smith, masanin tarihin nan na Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Bature ne ɗan Ingila, ya musulunta ya ɗauki Abdullahi, ya bar Smith ɗinsa har ya rasu a 1984.

Yawan sunan shi ne tushen duk wahalar da za ku sha wajen neman asali. Kowane ƙauye na bukatar mai ƙera garma da takalmin ƙarfe na doki da ƙusa, don haka sunan ya tsiro a dubban wurare a lokaci guda, ba daga kaka ɗaya ba. Shi ne na ɗaya a Ingila, inda fiye da mutum ɗaya cikin ɗari ke amsa shi, shi ne na ɗaya a Sikotilan gaban Brown da Wilson, kuma yankinku na Abadin na daga inda ya fi kauri. A Amurka ƙidayar 2010 ta samu Smith sama da miliyan 2.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙe ne, akasari jikokin bayin da suka tashi da sunan iyayengijinsu, ga kuma Jamusawa masu suna Schmidt da suka mayar da nasu Smith da suka sauka can. In kin ci karo da wani Smith a wurin aiki, kada ki ɗauka dangin mijinki ne, kamar yadda maƙerin Katsina da na Yola ba lallai su haɗa jini ba.

An gwada wannan a ɗakin bincike. Akwai zaren gado da ake kira Y, maza kaɗai ke da shi, uba ke miƙa wa ɗa kusan ba canji, wato yana bin hanya ɗaya da sunan gida. A 2009 Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Lesta suka fitar da binciken da suka yi kan maza 1,678 masu sunaye 40. A suna maras yawa irin Attenborough, kusan tara cikin goma sun fito daga tsatso ɗaya. A Smith kuwa babu wani tsatso da ya haɗa su, tamkar an tsinto mutane ne a tashar jirgi. To, in maigidan yana fatan gwaji ya ce masa "ga kakan Smith", ya ajiye kuɗinsa. Abin da zai iya samu shi ne reshen kakanninsa maza shi kaɗai. Galibi zai fito reshen da ake kira R1b, wanda wajen kashi biyu cikin uku na mazan Birtaniya ke ɗauke da shi, ko I1, ko R1a da ake yawan samu a tsibiran Shetland da Orkney saboda tsoffin maharan teku daga Norway.

Gwajin iri biyu ne, kuma nan mutane ke ɓarar da kuɗi. Na kamfanonin AncestryDNA da MyHeritage yana duba gadon uwa da uba a haɗe, yana nemo dangi har zuwa kaka na biyar ko na shida, daga nan sai ya dushe. Kason da yake bayarwa, kaza Sikotilan kaza Ailan, ƙiyasi ne, yakan sauya duk lokacin da kamfanin ya sabunta lissafinsa. Na zaren Y kuwa, FamilyTreeDNA ne aka fi sani da shi, daga mai duba alama 37 a jikin zaren zuwa mai duba 111 zuwa babban da suke kira Big Y-700. Ga mai suna Smith, gwajin mai alama 37 zai jero masa baƙi rututu waɗanda dangantakarsu ta yi nisan da ba ta da amfani, sai babban ne ke rarrabewa. Kada ya ci ko ya sha ko ya tauna cingam minti 30 kafin ya tofa yawu ko ya goga cikin kumatu, don kada samfurin ya lalace. Ya kuma shirya zuciyarsa, don gwajin nan ya sha tono ɗan'uba da ba a san da shi ba, ko ya nuna kakan da ke kan takarda ba shi ne na jini ba. Bayanan kuma suna hannun kamfani: a 2023 masu kutse suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin gwaji na 23andMe. Kuma kada wani ya ɗauki gashi ko buroshin haƙorin tsoho a ɓoye ya aika, dokar 2004 ta mayar da gwada mutum ba da yardarsa ba laifi, har a Sikotilan.

Ga wani tarko da ya shafe ki. In yaron namiji ne, zaren Y na mahaifinsa zai ɗauka, babu na Baba a jikinsa. In kina son sanin na gidanku, sai Baba ko yayanki namiji ya yi gwajin. Kada ku yi mamaki in shi ma ya fito R1b, ku fara cewa ashe mu da Turawa gida ɗaya muke. Akwai reshen R1b mai suna V88 da ya yawaita a kewayen Tafkin Chadi, tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, har a wasu al'ummomin arewacin Kamaru ya haura kashi 90 cikin ɗari. Shi da reshen Turawan yamma sun rabu tun shekaru dubbai kafin a san wani abu wai shi Ingila.

A ganinmu takarda ta fi yawu amfani a nan, kuma Sikotilan ta yi sa'ar rajista. Tun 1855 gwamnati ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, duk suna shafin ScotlandsPeople tare da ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921. Takardar haihuwarsu tana faɗin sunan gidan uwa da ranar auren iyaye da inda aka ɗaura, ta mutuwa kuma tana faɗin uba da uwar mamacin. Ya fara da takardar mahaifinsa ya riƙa ja da baya, kaka bayan kaka. Kada ya nemi "John Smith" tsurarsa, zai nutse. Ya haɗa da sunan gidan uwa da sana'a da ƙauye, kuma ya gwada Smyth, don magatakardan da yadda suka ji suke rubutawa.

Sai takardun jariri. A Sikotilan kwana 21 kuke da su ku yi rajistar haihuwa, ba 42 ba kamar Ingila, don haka da an yanka ragon suna ran bakwai ku nemi ranar ganin mai rajista. Tunda kuna da aure ɗayanku ma ya isa, ya tafi da katin da asibiti ya bayar da takardar aurenku. Doka ba ta tilasta wani sunan gida ba, zaɓinku ne. Shawararmu: sunan yanka a gaba, sunan Baba a tsakiya, Smith a ƙarshe. Al'adar mutanen mijinki ce ma su sa sunan gidan uwa a tsakiya, ga shi kuma Baba zai ga sunansa a fasfon jikansa.

Kafin a sa hannu ki karanta kowane harafi. Muhammad ne ko Mohammed, Abdurrahman a haɗe ko a rabe, ku tsaya kan ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa irin ɗ da ƙ ba sa shiga layin da na'ura ke karantawa a fasfo, alamar da ke cikin Sa'adatu ma faɗuwa take yi, gara ku rubuta yadda zai fito iri ɗaya ko'ina. Yaron ɗan Najeriya ne ta wajenki ko da a waje aka haife shi, kuma zai bukaci lambar NIN kafin fasfo. Inda ake faɗawa rami shi ne a sa Smith a fasfon Birtaniya, a na Najeriya kuma wani ɗan'uwa ya cike fom ya sa sunan Baba a gurbin sunan gida. Ofishin fasfo na Birtaniya yana so sunan da ke fasfon wata ƙasa ya yi daidai da nasu, in sun saɓa sai su riƙe takardar har a gyara, gyaran kuma wata da watanni yake ci.

Ke kanki babu dokar da ta ce ki koma Smith. Matan Sikotilan na da ma da sunan gidan ubansu ake binne su, ki duba duwatsun tsoffin maƙabartun Abadin za ki gani. In kika canza, sai kin bi NIN da fasfo da bizarki ta intanet da rajistar aikin jinya da banki ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya rage a baya zai iya tsayar da ke a filin jirgi. In kika bar naki, abu ɗaya ne zai ƙaru: duk sanda za ki kai yaron gida ke kaɗai, ki riƙe cikakkiyar takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunayen iyaye, da wasiƙar amincewar mahaifinsa mai sa hannu da lambar wayarsa, domin jami'in kan iyaka yakan tambayi dalilin da sunanki da na yaron suka bambanta.