Takardar Ekklesiya da Zanen Zumunta

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na ji daɗi da kika ce kun zauna lafiya a Kaduna, ke da maigidanki. Kin tambaye ni ko dole ne ki karɓi takarda daga majami'armu ta gida ki kai wa ta can, kuma ko dole ne ki shiga Zumuntar Mata don kawai kin yi aure, tunda sujadar Turanci kike zuwa, ki ji wa'azi, ki ba da baikonki, ki koma gida ba ruwanki da kowa.

A gaban Allah ba dole ba ne. Takarda ba ta ceton kowa, zanen zumunta ma haka. Amma ni gwaggonki ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki yi duka biyun.

Maganar takarda ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Buɗe Romawa sura 16, za ki ga Manzo Bulus yana gabatar da Fibi, ma'aikaciyar ekklesiyar Kankiriya, yana roƙon 'yan'uwa na Roma su karɓe ta, su taimake ta a duk abin da take bukata. Tamu ma abin da take faɗa ke nan: an yi miki baftisma, kina cin jibin Ubangiji, ba kya ƙarƙashin horo. Da ita dattawa za su rubuta sunanki, su san ƙofar gidanki. In babu ita, sai ki shekara goma kina zama a benci ɗaya kina baƙuwa. Ranar da kika haihu kuna son fasto ya zo suna, magatakarda zai duba littafi, ya ɗaga kai ya ce, wace ce?

Zumunta kuwa sai na ja ki baya kaɗan. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka ƙasar nan a 1893, su uku, biyu suka rasu ba da jimawa ba, Bingham kaɗai ya rage. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, da aikin su Likita Mila na Zariya, sa'an nan a 1954 ekklesiyoyin da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. A ƙauyenmu na wajen Malumfashi, lokacin da kakanninki suka bar tsafi suka bi Almasihu, sun biya tsada. Wasu dangi sun daina cin tuwonsu, in sun kira gayya ba mai zuwa. To wa zai taya mace wankan jego, wa zai ɗebo mata ruwa ranar biki? Matan majami'a ne suka zama yayye da ƙanne. Kakarki ba ta taɓa shiga aji ba, amma a taron zumunta ta koyi haɗa baƙi, tana bin layi da yatsa, har ta iya buɗe Littafin Waƙoƙi da kanta. Abin da Titus sura 2 ta ce, manyan mata su koya wa ƙanana, haka aka yi shi a zahiri, a kan tabarma.

Kina ƙarama lokacin da mijina ya rasu, ba za ki tuna ba. Kafin gari ya waye na ji motsi a tsakar gida. Ban aika wa kowa ba, amma ga su: wannan da daurin itace a ka, waccan da mudun dawa a bakin zane, wata ta riga ta kafa murhu. Ba wadda ta tambaye ni ina tukunya take. Da yamma suka zauna kewaye da ni, ɗaya ta rungume tulu tana bugun bakinsa da soso, wata na kaɗa kacau-kacau a hankali, suna waƙa har na samu na yi kukan da ya tokare ni. Bayan an watse, ma'aji ta cusa mini kuɗi a ƙarƙashin filo, daga ɗan abin da kowace take tarawa duk mako. Wa'azin da kike ji a waya na iya fin na fastonmu daɗi, ban musa ba. Amma zumunta a ƙafa take.

Kada ki ce na mayar da su mala'iku. Akwai gulma, akwai masu ƙirga watannin amarya, akwai gasar anko da ke sa matar da ba ta da hali ta ɓuya a gida makon mata. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni haushi, kuma na sha faɗa a taro. Zanen an yi shi ne don matar kwamishina da mai sayar da ƙosai su tsaya layi ɗaya ba a bambance su, ba don a riƙa sake sabo kowane biki ba. Ku masu ilimi da za ku iya gyara irin wannan, in kuka guje, wa zai gyara? Littafin kuɗinmu ma yana neman mai ido irin naki.

Ban ce ki bar sujadar Turanci ba, ki zauna inda ke da mijinki kuke ƙaruwa. Sai dai ranar zumunta ki je, ko da kin taso aiki a gajiye. Ki gaida Mama matar fasto, ki zauna baya, ki yi wata biyu kina kallo kafin ki sa baki. In aka ce za a je gaida mara lafiya, ki bi su ko da lemo biyu ne a jakarki.

Na riga na yi wa fasto magana, ya ce sai dattawa sun zauna bayan sujada za a sa hannu. Ƙaninki zai taho miki da takardar ƙarshen wata, tare da daddawa da kuka. Zanen kuma kada ki saya, ina da sabo da ban ɗinka ba. Ki gaida mini maigidanki da surukarki.

Gwaggonki