Lambar JAMB ta ƙi zuwa, yaya za mu yi?

Tambaya: Malam, ɗana na son shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma mun tura saƙo sau uku lambar JAMB ta fara rajista (profile code) ba ta zo ba. Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ya rubuta kalmar NIN, ya bar tazara ɗaya, ya sa lambobin NIN ɗinsa 11, ya tura zuwa 55019 ko 66019, da kuɗi a layin, ba data ba. Dole layin ya zama nasa. Layin da wani ya taɓa rajistar JAMB da shi ba zai yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. In na NIN ya saɓa da na WAEC ko NECO, ku gyara a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, kafin rajista, don ranar tantancewa nan ake tsayar da yara.