Filin Tambayoyinku: Ina zan kai baƙi a Garwa ta Kamaru?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ni ce ɗiyarka daga Marwa, aiki ya dawo da maigidana Garwa ko wata uku ba mu yi ba, yanzu kuma ƙannensa biyu za su zo mana daga Kano sun ce lallai sai na kai su bakin Binuwai da wuraren tarihi, ni kuwa daga gida sai kasuwa na sani. Don Allah ta ina zan fara kar in ji kunya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da baƙunta. Toh da farko ki faɗa musu gaskiya tun kafin su taso, bakin kogin Garwa ba irin wanda suke gani a waya ba ne mai kujeru da fitilu a jere, yashi ne da ruwa da mutane suna neman abincinsu, kuma wallahi shi ne daɗinsa. Ku fita bayan la'asar, kar ki kuskura ki ɗebi baƙi da rana tsaka musamman watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40. Ku hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa babbar gada, ku sauka ku taka a ƙasa. Za ku ga mata sun shanya wanki a kan yashi, masu ɗibar yashi suna cika kwale-kwale har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, masunta na jan koma, in kin yi sa'a ki samu giwan ruwa ko karfasa ɗanye a hannunsu, ki yi ciniki sosai don in suka ji Hausar Kano kuɗi zai tashi.

Sai maganar dorina. Eh akwai su, wani lokaci daga kan gada ma za ki hango kunnuwa da hanci sun leƙo. Samari za su zo su ce kawo sefa kaza mu kai ku kusa ku yi hoto, ni dai ban ba ki shawara ba, dorina ba tunkiya ba ce, tana kife jirgi kuma a tudu ta fi mutum gudu, balle mai ɗa. Ku kalla daga nesa ya isa.

Ki nuna musu tsohuwar tashar jirgin ruwa, nan ne tarihin yake ko da yake yanzu shiru ne. Da can in damina ta yi nisa ruwa ya cika, jirage ke tasowa daga Najeriya ta Lakwaja da Makurɗi da Yola su kawo gishiri da siminti da man fetur su kwashi auduga da gyaɗa, 'yan makonni ne kawai a shekara sai ruwa ya janye. Da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 manyan motoci suka karɓe kaya, sannan aka gama dam ɗin Lagdo a kan Binuwai a 1982 wanda 'yan Sin suka gina, harkar tashar ta yi ta ja da baya. Kuma ki shirya don ana ambatar Lagdo 'yan Najeriya sai sun yi ƙorafin ambaliya in an buɗe ruwa, ki bar su su yi, baƙi ne.

Washegari da safe ku je fadar Lamiɗo. Garwa a da tana cikin ƙasar Adamawa ta Modibbo Adama wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, don haka Bakano ba zai ji shi bare ba, dogarai da rawani da algaita duk ya san su. A yi shiga ta mutunci, a cire takalmi inda aka ce, a nemi izini kafin a ɗaga waya. Ki kuma gaya musu a garin nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, shugaban Kamaru na farko, kuma a nan sojan Ingila da Faransa suka yi wa Jamusawa ƙawanya har suka miƙa wuya a watan Yunin 1915. In masu son ƙwallo ne ku biya ta filin Rumde Ajiya inda aka buga wasannin kofin Afirka a farkon 2022.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne a Ngaundere, wai gaskiya ne ana kama mutum in ya ɗauki hoton gada?

AMSA: Ɗana ba kullum ba, amma gada da barikin soja da filin jirgin sama jandarma ba sa wasa da su, in ka ga mai kaki a wurin ka gaishe shi ka tambaya tukuna, kuma kar ka fita ba katin shaida a aljihu.