Allurar da aka yi wa sana a cinya ce ta ɓata naman?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ina ɗan turka shanu a Tudun Wada nan Zariya. Wani sa na sayar wa mahauci, da aka yanka sai aka ga cinya ɗaya ta yi dunƙule mai tauri har da mugunya a ciki, ya ce sai na rage masa kuɗi. Kwana 10 kafin nan an yi masa allurar LA a wurin. Ita ce ta jawo? Sauran naman da mutane suka saya fa? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Eh allurar ce, kuma mahaucin na da gaskiya, ka rage masa. LA ɗin nan, wato oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, tana da zafi sosai, inda ta sauka a tsoka tana cinye wurin, in ya warke sai jiki ya cike gurbin da farar jijiya mai tauri, kuma naman da ke kewaye kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu shi ma ya taurare, mai kilishi na sa wuƙa zai gane. Ko sa yana maraƙi aka yi masa, tabon kan bi shi har ranar yanka. Mugunyar kuwa yawanci allura ce mai datti, ko wadda aka bi shanu da yawa da ita har bakinta ya dakushe.

Cinya na cikin nama mai tsada a jikin sa, me ya kai allura can? A yi a wuya, gaban kafaɗa. Kar a zuba fiye da mil 10 a wuri guda, a raba, tsakani faɗin tafin hannu. Wanda kwalba ta ce ƙarƙashin fata, irin ivermectin, maganin tsutsa da ƙwarin jiki, to ƙarƙashin fatar za a yi.

Amma abin da ya fi damuna kwana 10 ɗin nan ne. Yawancin LA sai an jira kwana 21 zuwa 28 kafin a yanka, ivermectin ma ya haura wata, kuma a rubuce yake jikin kwalba. Kullum sai na ji wani ya ce ai likita wuta na kashe magani. Haba jama'a! Wa ya gaya muku? Wuta na kashe ƙwayar cuta, magani kuwa wani sashe kawai take ragewa, sauran na nan musamman a hanta da ƙoda da daidai inda aka soka, gashin tsire na ɗan lokaci ba zai fitar da shi ba. Kuma masu yawo da jaka da sirinji a kara su ke yaɗa wannan magana, saniya na kwance ba lafiya su dirka mata LA da dexamethasone, maganin rage kumburi, ta miƙe ta yi kyan gani na kwana biyu, a kai ta mayanka, ba su tambayi nauyinta ba, ba su san me ke damunta ba, su dai a ba su na allura. Wanda ya ci sau ɗaya da wuya wani abu ya same shi, wannan ka kwantar da hankalinka. Matsalar ita ce ci yau ci gobe, ƙwayoyin cutar jikinmu su saba da maganin, ranar da yaro ya kwanta a ba shi irinsa ya ƙi aiki. In penicillin ne ma, akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗauka ko kaɗan. Wanda ya san sansa na ɗauke da magani ya yi shiru ya karɓi kuɗi, wallahi haƙƙin duk wanda ya ci na wuyansa.

Nan gaba duk ranar da aka yi allura ka rubuta kwanan wata da sunan maganin ko da gawayi ne a bangon garka, ka duba lambar NAFDAC a kwalba. In sa ya kwanta dab da lokacin sayarwa kar ka kira mai jaka, asibitin dabbobi na ABU na nan a Samaru, ka kai shi ko ka kira su.